Tikitin jirgin da ba a hau ba: Me ya sa yake da wuya a bayar da shi sadaka?

Mutum ya sayi tikitin jirgi, sai rashin lafiya ko wani uzuri ya hana shi tafiya. A wani garin kuma ga uwa da aka kwantar da ɗanta a asibiti mai nisa, ba ta da kuɗin zuwa wurinsa. A ido, maganar mai sauƙi ce: mai tikiti ya miƙa wa mai buƙata, kowa ya huta.

Sai dai a Amurka, inda aka fi yin irin wannan sadaka, ba haka abin yake ba. Akasarin tikitin da ake sayarwa a ɗaure yake da sunan wanda aka yankar wa, kuma babu halin sauya sunan.

Dalilin ɗaure tikiti da suna

Dalili na farko shi ne tsaro. Dole sunan da ke kan tikiti ya yi daidai da na fasfo ko katin shaida, domin hukumomi na tantance fasinjoji kafin jirgi ya tashi.

Na biyun kuwa ciniki ne. Kamfanonin jiragen sama suna sayar da kujera da araha ga wanda ya saya da wuri, su tsawwala wa wanda ya zo a ƙurarren lokaci. Da a ce ana sauya suna yadda aka ga dama, da 'yan baranda sun kwashe masu arahar sun zauna jiran masu gaggawa.

Saboda haka idan mutum ya fasa tafiya, yawanci abin da kamfani ke ba shi shi ne damar amfani da kuɗin a wata tafiyar, shi kaɗai, cikin wa'adin da galibi shekara guda ne. Wa'adin na cika, kuɗin ya zama na kamfani.

A 2022 kamfanin Southwest ya ɗan sassauta: ya amince wasu fasinjojinsa su miƙa irin wannan kuɗi ga wani sau ɗaya, ya kuma cire wa'adin. Amma a watan Mayun 2025 ya dawo da wa'adin a kan sababbin tikiti. Wato yadda kamfani ya buɗe ƙofa, haka yake iya rufe ta.

Abin da ke isa ga mabuƙata

Abin da ƙungiyoyin agaji suka fi samu shi ne makin tafiya, wato ladan da kamfani ke tara wa fasinja duk lokacin da ya hau jirgi ko ya yi sayayya da katin bashin da ke haɗe da kamfanin. American Airlines ya fara nasa tsarin tun 1981. Shi maki, mai shi na iya yankar wa kowa tikiti da shi, ko ya zuba shi a asusun wata ƙungiya.

Shirin Hero Miles ya samo asali ne a 2003, lokacin da ɗan majalisa Dutch Ruppersberger ya nemi jama'a su taimaka wa sojojin da ke dawowa hutu daga Iraƙi su ƙarasa gida. Yanzu gidauniyar Fisher House ce ke tafiyar da shi, tana kai iyalai wurin sojojin da ke jinya. Ita ma Make-A-Wish, wadda aka kafa a 1980 domin cika wa yara masu cututtuka masu tsanani burinsu, tana karɓar maki saboda yaro ba ya tafiya sai da iyayensa.

Sai kuma Miles4Migrants da aka kafa a 2016 domin 'yan gudun hijirar da suka samu izinin shiga wata ƙasa amma suka rasa kuɗin jirgi. Sunanta ya bazu a 2018, lokacin da gwamnatin Trump ke raba yara da iyayensu a kan iyakar Mexico, sannan a 2021 ta yi jigilar 'yan Afghanistan da aka kwaso bayan Taliban ta karɓe Kabul.

Nauyin kuɗin jirgi a kan irin waɗannan iyalai ba ƙarami ba ne. Hatta 'yan gudun hijirar da gwamnatin Amurka ta tsugunar da kanta, bashi ake ba su na kuɗin jirgi ta hannun hukumar IOM, su riƙa biya bayan sun isa.

Wa ke cin riba?

Makin nan babbar kadara ce ga kamfanoni, domin sayar da shi suke yi wa bankuna. A lokacin annobar korona, United ya jinginar da tsarin makinsa ya ci bashin dala biliyan 6.8 a 2020, Delta ya karɓi biliyan 9, American kuma biliyan 10 a 2021.

Amma kamfani ne ke yanke yawan makin da kujera za ta ci, da kuma adadin kujerun da zai ware wa masu maki. Makin da ya isa kai mutum biyu bana, baɗi yana iya kasa kai ɗaya. Ga haraji da kuɗin filin jirgi da dole a biya da tsabar kuɗi, waɗanda a tafiyar ƙasa da ƙasa kan kai ɗaruruwan daloli. Shi ya sa ƙungiyoyin ke roƙon kuɗi tare da maki.

Wata ƙa'ida da ma'aikatar sufurin Amurka ta fitar a 2024 ta tilasta wa kamfanoni mayar da kuɗi kai-tsaye idan su suka soke tashi, ko suka yi jinkirin awa uku a cikin gida ko awa shida a tafiyar waje, matuƙar fasinja bai karɓi wani zaɓi ba. Wannan kuɗi mai shi na iya ba wanda ya so. Amma ƙa'idar ba ta shafi wanda ya fasa tafiya don kansa ba, kuma nan ne asarar take.

Inda abin ya shafe mu

A Najeriya an fi sanin kyautar kujera daga kamfani. Air Peace ya kwaso 'yan Najeriya kyauta daga Afirka ta Kudu a 2019, ya kuma shiga aikin dawo da waɗanda yaƙin Sudan ya rutsa da su a 2023. Irin wannan na zuwa ne idan bala'i ya auku, alhali iyalan da ke neman raka mara lafiya Masar ko Indiya kullum suna nan.

Ga 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke yawan hawa jirgi, da 'yan'uwanmu mazauna ƙetare, abin yi a fili yake. A duba makin da aka tara da ranar da zai mutu. Kafin a soke tafiya, a tambayi kamfani sharuɗɗan tikitin, domin ko wanda ba a mayar da kuɗinsa, sau da yawa ana iya neman wani ɓangare na harajin da ke cikinsa.

Babban aikin dai yana kan hukumomi. Muddin doka ba ta buɗe hanyar miƙa tikitin da ba a hau ba ga ƙungiyar agaji mai rajista, jirage za su ci gaba da tashi da kujerun da aka riga aka biya kuɗinsu babu kowa a kai.