Idan tukunyar ɗumama gida ta ƙi tashi cikin sanyi

Wani dare cikin watan Janairu, ina shirin rufe shagon magani a nan Legas, sai ga kiran ƙanwata da ke aikin jinya a Ailan ta Arewa. Tana zaune a wani ƙaramin gari kusa da Belfas, ita da maigidanta da yara biyu, ɗayan yana da sikila. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Yaya, boila ta ƙi tashi, gidan ya koma kamar firij. Abban yara sai danna jan maɓallin nan yake yi, yanzu kuma ya ce zai shigo da abin gashin nama mu hura gawayi." Na ce ta faɗa masa ya ɗauke hannunsa daga maɓallin, gawayin kuma kada ya ƙetare bakin ƙofa.

Ni ba makanikiya ba ce. Maganar iskar guba ita ce a fannina, sauran kuma mai gyaran da ya je gidan washegari ne ya bi da su ɗaya bayan ɗaya. Na kawo muku ne saboda da yawanmu muna da ɗa ko ƙanwa a Ingila, Ailan, Amurka ko Kanada, kuma idan abu ya rikice musu da dare, gida suke kira.

Boila tukunya ce da ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututu zuwa ƙarafan ɗumama ɗaki. A Ailan ta Arewa fiye da rabin gidaje da mai suke ɗumama gida, kuma man kananzir ne, ana zuba shi a babban tanki a bayan gida. Idan na'urar saita zafi ta ga gidan ya yi sanyi, sai famfo ya jawo mai ya fesa shi, tartsatsin lantarki ya kunna shi. Akwai wani ƙaramin ido a ciki da ke lura da harshen wutar. Idan bai ga wuta ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai injin ya kulle kansa, jar fitila ta kama. Wannan kullewar kariya ce aka yi wa masu gidan.

Abin da za a fara dubawa shi ne lantarki. A tabbatar makunnin boilar yana kunne, a duba akwatin fis ko wani ya faɗi. Daga nan a duba na'urar saita zafi, a ɗaga ta sama da zafin da ɗakin yake ciki, idan mai batir ce a canza batirin. A duba agogon da ke tsara lokacin kunnawa, domin yakan rikice bayan ɗaukewar wuta.

Na biyu shi ne mai. Kada a dogara da ma'aunin jikin tanki kawai, yakan maƙale ya nuna akwai mai alhali babu. A buɗe murfin a sa sanda mai tsabta a gani da ido. A kuma duba ko bawul ɗin da ke kan bututun man a buɗe yake. Idan mai ya ƙare ƙarƙaf, ko an zuba sabo boilar na iya ƙin tashi, saboda iska ta shiga bututun, ko dattin gindin tanki ya toshe matatar. Wannan aikin mai gyara ne.

Na uku, idan boilar tana da agogon matsin ruwa, allurar ta kasance tsakanin 1 da 1.5 lokacin da take a sanyaye. Na huɗu, sababbin boiloli suna da farin bututun roba da ke fitar da ruwa waje, kuma yakan daskare idan sanyi ya tsananta. Ana zuba masa ruwan ɗumi daga waje, ban da tafasasshe, don kada robar ta tsage.

Idan duk waɗannan lafiya suke, sai a danna jan maɓallin sau ɗaya, a saurara. In ta tashi ta ci gaba da aiki, madalla. In ta sake mutuwa, a bar ta haka. Dalili kuwa, duk dannawa ɗaya mai ake fesawa cikin tukunyar, idan bai kama ba sai ya taru, ranar da ya kama kuma gaba ɗaya zai tashi da ƙara da baƙin hayaƙi, har ya iya ƙona na kusa. Idan kuwa an ji warin kananzir mai ƙarfi, ko an ga mai yana ɗiga, ko baƙin ƙunci a jikin boilar, kada ma a danna. A kashe ta a kira mai gyara. A Birtaniya da Ailan ana neman wanda ke da rajistar OFTEC. Mai zaman haya kuma ya sanar da mai gidan nan take, domin gyaran na'urar ɗumama gida nauyinsa ne.

Yanzu ga inda haɗarin ya fi yawa, wato awannin da ake jiran mai gyara. Duk abin da ke ƙonewa a rufaffen ɗaki, gawayi ne ko risho ko murhun gas ko janareto, yana iya fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau sama da 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi. Boilar da ba ta ƙona mai da kyau, ko wadda bututun hayaƙinta ya toshe, ita ma tana fitar da wannan iska.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da rikicewar tunani. Mu da muka saba, da an ji haka sai a ce maleriya ce, a nemi farasitamol a kwanta, kwanciyar kuwa ita ce ke kashewa. Ku lura da abu uku: babu zazzaɓi, mutanen gidan sun kamu a lokaci ɗaya, kuma ana jin sauƙi idan an fita waje. In haka ta faru, a fitar da kowa, a bar ƙofofi a buɗe, a kira 999 a Birtaniya, ko 112 a nan Najeriya. Babu ƙwaya ko madara da ke maganin wannan, oksijin ake sa wa mutum a asibiti. Jarirai, masu juna biyu, tsofaffi, masu ciwon zuciya da masu ƙarancin jini sun fi saurin galabaita.

To, yaya za a kwana? A taru a ɗaki ɗaya a rufe labule, a sa kaya bisa kaya da safa da hula, a sha abu mai ɗumi. Idan akwai hita ta lantarki, a jona ta kai tsaye a bango, a nisanta ta da labule da shimfiɗa kamar mita ɗaya. Ana so zafin ɗaki ya kai digiri 18, ɗakin jariri kuma tsakanin 16 da 20. Sanyi yana tayar da ciwon sikila da asma, saboda haka mai sikila ya sha ruwa sosai, mai asma ya ajiye abin shaƙarsa kusa. Idan ciwo ya tashi ko zazzaɓi ya zo, asibiti za a nufa. In gidan ya gagara, ba abin kunya ba ne a kwana a gidan maƙwabci ko ɗan'uwa.

Haka su ƙanwata suka yi, suka kwashe yara zuwa gidan abokiyar aikinta. Da gari ya waye aka gano mai ne ya ƙare, ma'aunin tankin ya maƙale. Aka kawo mai, mai gyara ya fitar da iskar bututun, ya canza matata da bakin feshi. Ya shawarce su su riƙa duba tankin da sanda, su kira a duba boilar sau ɗaya a shekara kafin sanyi ya shigo, su kuma sa na'urar da ke ƙara idan ta ji kabon monoksaid, wadda daban take da ta hayaƙin gobara.

Mu a nan ba mu da boila, amma muna da kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu, da janareto a baranda ko ƙarƙashin bene idan ana ruwa. Iskar ɗaya ce. Kasko ya fita daga ɗaki kafin a rufe ƙofa, janareto kuma ya zauna a waje, nesa da taga. Idan kuna da wani a ƙasashen sanyi, ku kira shi cikin makon nan ku tambaye shi yaushe ya leƙa tankinsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.