Aikin Dare Na Matasan Kwamfuta: Ina Rabon Manoman Komadugu?

Masu iya magana na cewa sana'a sa'a, amma a wannan zamani akwai wata sana'a da mai ita ke yi sau biyu a yini, wato rubuta manhajar kwamfuta. Da rana ma'aikacin yana yi wa mai biyansa albashi aiki, da dare kuma ya buɗe na'urarsa ya ƙera abin da ransa ke so, ba tare da wani ya sa shi ba. Wannan aikin dare ne ya kamata jama'ar jihar Diffa su fara sa wa ido.

Mai karatu kada ya ɗauka wasa ne. Manhajar Linux, wadda a yau take ɗauke da mafi yawan manyan na'urorin intanet, wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara ta a 1991 don sha'awa. A Kenya ma, lokacin rikicin da ya biyo bayan zaɓen ƙarshen 2007, wasu matasa ne suka haɗa Ushahidi cikin ƴan kwanaki a farkon 2008, domin jama'a su aiko da labarin inda ake tashin hankali ta saƙon waya. A nan gida Nijar kuwa, Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar da manomi zai kunna injin ban ruwa daga nesa da wayar salula, abin da ya kai shi ga samun babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015.

To, yaya lamarin yake a Diffa? Tun bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015, ƙungiyoyin agaji suka cika garin, kuma su ne suka zama manyan masu ɗaukar matasan da suka iya kwamfuta. Sai dai aikin bai wuce ƙidayar ƴan gudun hijira, cike takardun bincike a waya da tsara rahoto ga masu ba da kuɗi ba. Kwangila ce ta ƴan watanni, kuma da Amurka ta rufe hukumarta ta USAID a 2025, kowa ya ga cewa rijiyar tana iya ƙafewa. Wanda ya dogara da wannan kaɗai, ranar da aikin ya ƙare sai ya kama hanyar Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,300.

Alhali kuwa matsalolin da ke neman mai basira suna nan a bakin kogi. Ɗauki tattasai, wanda shi ne arzikin kwarin Komadugu, har aka taɓa hana cinikinsa daga 2015 zuwa 2017 saboda dalilan tsaro. Manomi yana sayar da buhunsa da naira, wasu buƙatunsa kuma sai da sefa, ga farashi yana sauyawa a kasuwannin Najeriya ba tare da ya sani ba. Dillali ya san farashin jiya da na yau, manomi kuwa sai abin da aka faɗa masa.

Haka batun ambaliya. Ruwan Komadugu daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake fitowa, yana kuma ɗaukar makonni kafin ya iso nan. Ke nan ambaliya irin ta 2019 da ta 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje, ba ta zuwa kwatsam kamar tsawa. Manhajar da za ta karɓi awon ruwa daga sama, ta aika gargaɗi ga ƙauyukan da ke ƙasa, ba ta fi ƙarfin matasa biyu ko uku masu himma ba.

Amma fa akwai sharaɗi. Yawancin manoma da masunta ba su karanta Faransanci, kuma ba kowa ke da babbar waya ba. Duk manhajar da ba ta magana da murya, cikin Barbarci, Hausa da Fillanci, kuma ba ta aiki a ƙaramar waya, ta zama kwalliyar da ba ta biya kuɗin sabulu ba. A nan ne gidajen rediyon al'umma za su iya zama abokan tafiya.

Zuwan Starlink Nijar a 2025 ya rage kukan rashin intanet, ko da yake tsada da ɗaukewar wuta na nan. Babban abin da aikin dare ya rasa shi ne mai saye na farko. Majalisar manoma ta jiha, ofisoshin magadan gari da ƙungiyoyin ƴan kasuwa suna iya ware ɗan abin da ya sawwaƙa su gwada aikin yaran gida. Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014 tana iya ba su ɗaki mai wuta da intanet. Su ma masu ɗaukar ma'aikata su rubuta a kwangila cewa abin da matashi ya ƙera a lokacinsa, da na'urarsa, nasa ne.

Ga matasan kuma, kafin a zauna gaban kwamfuta, a fara zuwa kasuwar tattasai a saurari masu ita. Allah ya sa mu dace.