KONY 2012: IHU BAYAN HARI

Akwai wata ƙarya da ta shiga kunnen matasa a wannan zamani, wai da zarar an ɗauki zalunci a fim aka watsa shi duniya ta gani, to azzalumi ya faɗi. Duk mai wannan zato, ya tsaya ya dubi abin da ya faru a ƙasar Yuganda.

A watan Maris na 2012 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Invisible Children ta saki wani fim na minti 30 a kan Joseph Kony, madugun 'yan tawayen LRA, wanda ya shahara da sace yara yana mai da su sojoji. Cikin kwana 6 an kalle shi sau miliyan 100. Aka riƙa sayar wa matasan Amurka warwaro da fosta a kan dala 30, aka ce ranar 20 ga Afrilu su cika biranen duniya da hotunan Kony. Ranar ta zo, 'yan tsiraru ne suka fito.

Abin tambaya a nan shi ne, wa aka yi wa wannan fim? Tun 2006 mayaƙan Kony suka bar Yuganda suka shige dazuzzukan Kwango, daga baya har Afirka ta Tsakiya. Tun 2005 Kotun Duniya ta Hukunta Manyan Laifuka ta ba da sammacin kama shi. Sojoji kusan 100 da Obama ya tura kuwa, tun Oktoban 2011 aka tura su. Ashe ihu ne bayan hari! Da aka kai fim ɗin garin Lira da ke arewacin Yuganda, inda waɗanda abin ya ci suke, dubban mutane suka taru. Suka ga Bature da ɗansa sun cika allo, suka ga sunan wanda ya kashe musu iyaye a jikin riguna da warwaro. Taron ya watse da jifa. A 2017 Amurka da Yuganda suka janye daga farautarsa ba su kama shi ba. A 2025 kotu ta saurari tuhumarsa, shi kuwa ba ya wurin.

Ƙasar Hausa ta san irin wannan. Zamanin Turawan mulkin mallaka motar majigi kan shiga gari, a kafa farin ƙyalle, a nuna wa talakawa abin da aka tsara musu daga nesa, gari na wayewa mota ta wuce.

To, shin fim ba shi da amfani ke nan? A'a. A dubi Indonesiya. A 1965 zuwa 1966 sojoji da 'yan barandansu sun kashe mutane aƙalla dubu 500 bisa zargin kwaminisanci, aka shekara kusan 50 ana tsoron ambaton lamarin. A 2012 Joshua Oppenheimer ya fitar da The Act of Killing, tare da 'yan ƙasar da suka ɓoye sunayensu don tsoron rayukansu. Ba su kai shi hannun hukumar tace finafinai ba. Ƙungiyoyi da ɗalibai ne suka riƙa gayyatar mutane a kalla, a zauna a tattauna. A 2013 aka bar 'yan ƙasar su sauke shi kyauta ta intanet. Na biyunsa, The Look of Silence, an nuna shi a ɗaruruwan wurare ranar 10 ga Disamba 2014, wasu tarukan ma 'yan daba suka tarwatsa su, amma ba a fasa ba. A 2016 gwamnati ta ɗauki nauyin taro a kan kisan, a 2023 kuma Shugaba Joko Widodo ya amsa cewa an tafka ta'asa. Har yau ba a hukunta makasan ba, kuma ba fim kaɗai ya jawo wannan ba, amma bakin da aka ɗinke ya buɗe.

Bambancin a fili yake. A Yuganda an yi magana a kan mutane ba da su ba. A Indonesiya masu ciwon ne suka ɗauki fim ɗin suka kai wa junansu, suka jure barazana shekara da shekaru.

Saboda haka duk matashin da aka turo wa fim aka ce ya yaɗa, wajibi ne ya fara tambaya: wa ya yi shi? Waɗanda aka zalunta sun gani sun yarda? Kuɗin da ake tarawa aljihun wa suke shiga? Bayan an kashe allo, wane aiki za a yi, kuma wa zai yi? In babu amsa, kada ya yarda a yi wasa da hankalinsa. Allah Ya sa a gane.