Garin Gwauruwar Zarefat Ba Jari Ba Ne

Labarin Annabi Iliya da gwauruwar Zarefat, a 1 Sarakuna sura 17, yana cikin nassosin da aka fi ɗora wa'azin "shuka iri" a kansu. Fassarar da ta yi kaka-gida a coci-coci da yawa ita ce: matar ta ba bawan Allah abincinta na ƙarshe, Allah ya ninka mata, saboda haka duk mai cikin ƙunci ya kawo ɗan abin da ya rage masa gaban fasto, ya jira buɗi. Wannan karatu bai yi wa nassin adalci ba. A Kano kuma, Kiristocin da ke aiki a masana'antun Sharada, Challawa da Bompai suna cikin waɗanda ya fi cutarwa.

Masaƙu da dama sun rufe a shekarun da suka biyo bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, ga ƙarancin wutar lantarki, ga atamfar China ta cika Kantin Kwari. Kamfanonin jimar fata da na robobi da suka rage suna ɗaukar leburorin wucin gadi da yawa, waɗanda akan sallama ba giratuti ba fansho. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024 sun ƙara matse kowa. Mutumin da ke cikin wannan hali, kuɗin hayar ɗakinsa a Sabon Gari na jiransa, shi ake ce wa ya yi koyi da gwauruwa.

Abin da nassin ya faɗa daban ne. An yi fari a zamanin Sarki Ahab, rafin Kerit ya ƙafe, aka tura Iliya ƙasar Sidon wurin matar da ba ma Ba'isra'iliya ba ce. Tafin gari da ɗan mai kaɗai gare ta. Abin da ta samu shi ne garin bai ƙare ba, man ma haka, har ruwa ya sauka. Ba a ce ta cika rumbu ba, balle ta zama attajira. Tanadin na yau da gobe ne, daidai cin gidan. Shi kuma annabin ɗan gudun hijira ne, yana kwana a ɗakin saman gidanta, yana ci daga abin da ita da ɗanta suke ci. Da garin ya ƙare, da yunwar ta haɗa da shi. Mai wa'azin da ke karɓar albashin lebura ya shige motarsa bai tsaya inda Iliya ya tsaya ba. Da Yesu ya ambaci matar a Luka sura 4, bai kawo zancen baiko ba. Ya nuna cewa jinƙan Allah ya kai ga baƙuwa, har mutanen Nazarat suka fusata.

Labarin Elisha a 2 Sarakuna sura 4 ya fi kusa da rayuwar ma'aikacin da aka sallama. Miji ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin na shirin ɗauke 'ya'ya biyu bayi. Elisha ya tambayi matar abin da ke gidanta, bai karɓi ko ɗigon mai ba. Ya sa ta aro tuluna wurin maƙwabta, ɗan man da ke gidanta ya cika su, ta sayar da man, ta biya bashin, su rayu da sauran. Akwai maƙwabta a cikin mu'ujizar, akwai kasuwa, akwai sauke haƙƙi. A sura ta gaba Elisha ya ƙi kyautar Na'aman, baransa Gehazi da ya bi ta bayan fage ya karɓa kuwa ya ƙare da kuturta.

Baiko da zakka ibada ce, kuma da su ikilisiyoyi ke riƙe makarantu da asibitoci. Ɓarnar tana farawa ne idan aka mayar da su ciniki, domin in buɗin bai zo ba, laifin kan koma kan talaka, a ce bangaskiyarsa ce ta gaza. Ikilisiyar farko ta naɗa mutum bakwai su kula da rabon abinci ga gwauraye, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna: kuɗin daga taro yake fita zuwa wurin mabukata. Wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta tsine wa danne ladan ma'aikata, nassin da ya shafi ƙofar kowane kamfani kai tsaye, amma ba kasafai ake shirya taron dare na musamman a kansa ba.