Hawan Jini A Ɗakin Fiɗa: Mintuna Biyu Masu Hatsari

Idan aka sa wa magidanci ranar aikin gwaiwa a babban asibitin garin Lafiya, wanda jama'a suka fi sani da sunan Dalhatu Araf, abin da iyalinsa ke fargaba tun daga gida a Bukan Sidi har bakin ɗakin fiɗa shi ne wuƙa. Alhali kuwa ga mai hawan jini, akwai wani ɗan lokaci kafin wuƙa ta taɓa fata wanda ya fi tayar wa likitoci hankali.

Bayan an yi wa majiyyaci allurar barci, numfashinsa yakan koma hannun likita. Sai a buɗe bakinsa da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai fitila, irin wanda Robert Macintosh ya ƙera a Ingila a 1943, a ɗaga tushen harshe, a zura siririyar mesa cikin maƙogwaro don iska ta riƙa kaiwa huhu. To, shi mutum yana barci, amma jijiyoyin maƙogwaronsa ba su yi barci ba. Da sun ji matsa sai su kai ƙara, jiki ya saki sinadarin firgita, wato adirenalin, zuciya ta hau gudu, hanyoyin jini su tsuke, awon jini ya yi sama. Cikin daƙiƙoƙi abin ke farawa, ya kai ƙololuwa a minti ɗaya zuwa biyu, sa'an nan ya lafa cikin minti biyar zuwa goma.

Likitocin Amurka sun bayyana wannan tun 1951. A 1971 kuma Prys-Roberts da abokan aikinsa na Ingila suka nuna cewa ga masu hawan jini tashin ya fi tsanani. Dalili kuwa a fili yake. Lafiyayyen saurayi zai shanye wannan guguwa ba abin da ya same shi, amma dattijon da ya shekara goma jininsa na bisa, hanyoyin jininsa sun yi tauri, zuciyarsa ta yi kauri, tana iya rasa isasshen jini a daidai lokacin da aka ɗora mata aiki. Daga nan bugunta ya rikice, ko wata jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa, mutum ya farka da shanyewar ɓarin jiki. Haka ma mai ciki da jininta ya hau, shi ya sa in za a ciro jariri aka fi son allurar kashin baya, wadda ba ta bukatar mesa.

Likitan barci yana da dabarunsa: yakan ba da magunguna irin su fentanil, lidoken ko esmolol kafin ya taɓa maƙogwaro, ya kuma gama cikin hanzari, don gwargwadon daɗewar ƙarfen gwargwadon tashin jinin. Amma dabara ba ta aiki a kan labarin da aka ɓoye. Akwai masu sayen ƙwaya a kemis su sha sai ran da kai ya sara. Akwai masu jin an ce kada a ci kome daren aiki, su bar har maganin jininsu, alhali wasu magungunan so ake a sha su da kurɓin ruwa da safen, wasu kuma a dakatar. Likita ne kaɗai zai rarrabe, in an kai masa kwalayen ya gani da idonsa.

Wani lokaci akan ɗage aikin, dangi su yi ta gunaguni saboda kuɗin mota da na jinya. Gunagunin ba ya bisa hanya. Ƙa'idar da likitocin Birtaniya suka fitar a 2016 ta yarda a ci gaba da aikin da ba na gaggawa ba muddin awon bai kai 180 bisa 110 ba. Wanda ya kai nan, saukar da jininsa aikin makonni ne, domin in aka fizgo shi ƙasa a dare ɗaya, ƙwaƙwalwa da ƙoda ne za su rasa jini.