Robar da ke cikin wandonka

Kwanan nan kamfanonin zare na Amurka da Asiya sun fito da sabon talla: wai sun samo zare mai miƙewa wanda ba ya cutar da muhalli, wani daga masara, wani daga ragowar masana'anta. Ni dai ban karɓa ba, kuma ina roƙon teloli da 'yan kasuwarmu na Zangon Wagadugu kada su ruɗu.

Wannan zare da ake kira Lycra, kamfanin DuPont ne ya ƙirƙiro shi a 1958, kuma roba ce daga man fetur. Ko an sa masara a ciki, roba ce dai take fitowa a ƙarshe. Kaɗan ake zubawa cikin auduga, amma wannan kaɗan ɗin ya isa ya hana a warware yadin a sake kaɗa shi cikin sauƙi. Idan wandon ya saki, sai bola ko kwata. Wanda ke shakka ya je Kantamanto a Akara ya ga tsibin gwanjon da ake zubarwa.

Abin takaicin shi ne Burkina Faso na cikin manyan masu noman auduga a Afirka, amma kusan dukkanta ɗanya ake fitar da ita. Masaƙar Faso Fani ta Kudugu ta rufe tun 2001. Mu sayar da auduga da araha, mu sayo gwanjo mai roba a kasuwar Rood Woko, wannan ciniki ne ko asara?

Za a ce Faso Dan Fani na da tsada, kuma ba ya miƙewa. Tsadar gaskiya ce, sai dai maganinta a ƙara masana'antun kaɗi irin FILSAH ta Bobo, domin mata masu saƙa su sami zare da sauƙi. Miƙewa kuwa, kakanninmu da almakashi suka magance ta: wando mai zariya, taguwa mai tsaga, riga mai faɗin hammata. Da su suka hau doki, da su suka yi fataucin goro har Gwanja.

Ban ce a hana safa da bandejin asibiti roba ba. Amma kayan yau da kullum, tela ya tambayi abin da ke cikin yadi kafin ya yanka, mai saye ya duba takardar wuya kafin ya biya. Sankara ya nuna hanya tun kafin 1987, gwamnati kuma ta mai da Dan Fani kayan makaranta a 2023. Saura mu.