Mai Rage Ƙiba da Kwanon Biki

Mu a nan Kakau, daga Kirsimeti zuwa Sabuwar Shekara kwanukan maƙwabta ba su yankewa: shinkafa da miya, kaza, cincin. To, mai rage ƙiba ya ci ne ko ya mayar? Mu dai muna ganin ya ci. Mayar da kwano ɓata zumunci ne, kuma wanda ya ɗaure bakinsa tamau, ran da igiyar ta tsinke ba ya jin kira.

Kilo ɗaya na kitse wajen kalori 7,700 ne, cin yini guda ba ya tara shi. Nauyin da sikeli yake nunawa washegari yawancinsa ruwa ne, cikin kwana biyu ko uku ya sauka.

Inda muke faɗuwa shi ne yini ya zama mako. Ga kuma lemon kwalba: guda ɗaya tana da sukari kamar ƙaramin cokali 9, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ba ta wuce wajen 12 a yini ga babba ba. Mu zuba sau ɗaya, mu ci a zaune, gari ya waye mu koma kan tuwo da miyar ganye, ban da horon kai da yunwa. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuwa, ya fara tambayar likitansa tukuna.